Tsohon aiki da haƙƙin masu shi: abin da kowannenmu ya gani

Mai shirya waƙoƙi, Kano:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin aiki da fasahar magabata ya faɗa mana yadda ya ƙare, domin da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa da zarar mai waƙa ya rasu, waƙarsa ta zama ta kowa. Wani matashi ya kawo mini waƙar marigayi Mamman Shata yana so in ɗora masa ita a kan sabon kiɗa ya sayar, na ce masa sai ya nemi izinin magada. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa da rubutu har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu, Shata kuwa a 1999 ya rasu, ke nan sai bayan 2069. Matashin ya tafi da fushi, amma har yau ina ganin daidai na yi, domin iyalan mawaƙi su ne suka fi cancanta da cin moriyar gumin mahaifinsu.

Mai rera waƙoƙin wa'azi, Sakkwato:
Malam, na gode da wannan bayani. Ni waƙoƙin Nana Asma'u nake rerawa, kuma tunda a ƙarni na 19 ta rayu, babu wanda zai hana ni baitocinta. Inda na tsaya na yi tunani shi ne lokacin da na so in buga ƙaramin littafi tare da fassara da sharhin da wani malamin jami'a ya yi, sai aka fahimtar da ni cewa fassarar da sharhin aikinsa ne, suna da nasu haƙƙin daban. Na rubuta masa takarda, ya amince mini da sharaɗin in ambaci sunansa, kuma ya gyara mini wasu wurare da na karanta ajamin ba daidai ba.

Mai ɗaukar hoto, Zariya:
Hajiya, ke kin yi dace da mutumin kirki. Ni hotunan hawan sallah da na ɗauka na gani a kalandar wani kamfani, an yanke sunana daga gefe. Da na yi magana suka ce a intanet suka samo, kamar hakan ya mayar da su na kowa. Lauya ya shaida mini cewa haƙƙina ya tabbata tun ranar da na ɗauki hoton ko da ban yi rajista ba, kuma hoto yana da kariyar shekara 50. Sun biya, bayan doguwar wahala.

Marubuciya, Kaduna:
Nawa ya shafi yarjejeniyar baka. Na ba wani mai shirya fim labarina bisa amana, daga baya ya ce ya saye shi gaba ɗaya. Abin da ya cece ni shi ne doka ba ta karɓar mayar da haƙƙin mallaka ga wani sai a rubuce, shi kuwa ba shi da ko takarda guda mai ɗauke da sa hannuna. Ina da tambaya ga Malam na Kano: Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, shin idan 2028 ta ƙare za mu iya buga waƙoƙinsa ba tare da neman izini ba?

Mai shirya waƙoƙi, Kano:
Bisa lissafin dokar haka ne, Hajiya, daga farkon 2029. Sai dai baitocin kaɗai za ki ɗauka, ban da gabatarwa da sharhin waɗanda suka tattara su, kuma ki bar sunansa a kan aikinsa.