CBR250R mai takardu ko Ninja 300 marar takardu? Ku ba ni shawara kafin Asabar

Mai Gyaran Waya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 23 a nan Kano, shekara huɗu ke nan ina kan Lifan. Da adashi da tsimi na tara naira miliyan 3 da dubu 200, kuma tun ina sakandare burina in hau babban mashin. Guda biyu aka nuna min. Na farko Honda CBR250R ƙirar 2012, silinda ɗaya, takardun kwastan cikakku, mai shi ya kafe a miliyan 2 da dubu 700. Na biyu Kawasaki Ninja 300 ƙirar 2014, silinda biyu, miliyan 3 cif, sai dai babu takardar kwastan, kuma robar gefen hagu ta tsage an ɗinke ta da waya. Kullum daga Rijiyar Zaki nake zuwa shago, wani lokaci in leƙa Zariya wajen Yayata. Wanne aka fi samun kayan gyaransa? Kuma rashin takardar nan babbar matsala ce? Ranar Asabar zan ba da amsa. Hajiyarmu ba ta sani ba tukuna.

Mai Shuɗin R3:
Wa'alaikumus salam. Ka manta da su duka ka nemi Yamaha R3. Inji 321cc, silinda biyu, tanki lita 14. Shekara biyu ina kansa, ban da mai da juye ban san komai ba.

Mai Gyaran Waya:
Nawa ne R3 ɗin, Yallaɓai?

Mai Shuɗin R3:
Mai lafiya ba ka same shi ƙasa da miliyan 5.

Baban Yara:
Ɗana, da kuɗin nan fili ka kama a bayan gari, ko ka cika ka sayi Adaidaita ana kawo maka balas kullum. Mashin ɗin da ko buhun shinkafa ba ya ɗauka mene ne amfaninsa?

Sarkin Zolaya:
Baba ai shi ba shinkafa zai ɗauka ba, hankalin 'yan mata zai ɗauka. Sai dai kujerar bayan nan kamar faifai take, amarya ba za ta kai gidan biki da gwaggwaronta ba.

Mai Ƙarfe A Ƙafa:
Ƙanena, ka yi haƙuri zan yi tsawo. Na ga ka ce Hajiya ba ta sani ba, shi ya sa na kasa wucewa.

A 2021 ina da shekara 21 na sayi Ninja 250R ƙirar 2009, irin mai kafireta biyu. Dillalin ya rantse min saukarsa ke nan daga jirgi. Mako uku da saye, cikin zafin Afrilu, na shiga cunkoson Kurna, sai jar fitila ta kama, zafi yana dukan cinyoyina kamar na zauna a bakin murhu. Ashe fankar lagireto a mace take. Na kai wa wani makanike da ya ce ya san su. Ya ɓarke ledar fiyawata huɗu ya ɗura a lagireton, ya juye min baƙin man mota. Bayan kwana goma kuloci ya fara sulluɓe, in ja wuta inji ya yi ta ihu mashin bai tafi ba. Na tura kuɗi Legas a kawo min faranten kuloci, na jira mako biyar, da suka iso ba nasa ba ne.

Duk wannan kuɗi ne, ana iya mayar da shi. Ranar ɗaurin auren abokinmu muka fito a jere mu shida, kowa yana so a ji ƙarar nasa. Hular kwanona tana rataye a gwiwar hannuna saboda zafi. Na shiga wata kwana da na bi ta fi sau ɗari a kan roba-roba, ashe ruwan daren jiya ya tara yashi a gefen kwalta. Na tsorata na damƙe birkin gaba. Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar roba tana gurzar titi, da silifas ɗina guda a can tsallake.

Ƙashin ƙaurina ya karye gida biyu. Aka fara kai ni wajen mai ɗori, daga baya dole aka wuce asibitin ƙashi na Dala aka sa ƙarfe. Wata bakwai ban taka ba. Mahaifiyata ta sayar da sarƙar gwal ɗin da ta ajiye don auren ƙanwata. Tabarma take shimfiɗawa a gefen gadona tana jan carbi, ko sau ɗaya ba ta ce min "ban faɗa maka ba?" Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ita ma sai ranar da na faɗi ta san nawa na saye shi. Mashin kuwa gunduwa-gunduwa aka sayar.

Baban Yara:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa Hajiya da Aljanna.

Anti Nas:
Amin. Ina aiki a sashen agajin gaggawa. Karaya tana warkewa ƙanena, wanda ya bugu a kai shi ne ba ya dawowa yadda yake. Tun Janairun 2009 aka tilasta sanya hular kwano a ƙasar nan, amma duba titi ka gani. In har ka saya, ka ware kuɗin hula mai rufe haɓa, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu tun kafin ka biya dillali.

Mai Shuɗin R3:
Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, amma a faɗi gaskiya. Hula a hannu, silifas a ƙafa, tsere ranar biki. Ina laifin mashin a nan? Ko Boxer ka damƙe wa birkin gaba a kan yashi sai ya kayar da kai.

Mai Ƙarfe A Ƙafa:
Ban ce ba ni da laifi ba. Cewa nake yi ɗan shekara 21 in ya ji abin da ke iya wuce kilomita 150 a awa a ƙarƙashinsa, sai ya gwada. Kai ba ka taɓa gwadawa a hanyar Zariya ba?

Mai Shuɗin R3:
Wannan wata magana ce daban.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Shekara goma sha ɗaya na yi ina acaɓa a Kano har aka hana goyo a Janairun 2013. Ban taɓa karaya ba. Yaro, ka zauna a kan Lifan ɗinka.

Ɗan Kawo Kaduna:
Da girmamawa Baba, amma acaɓa daban wannan daban. Boxer 100cc ne, a zaune kake ɗoɗar. Ninja 300 ya kai kilo 170, a sunkuye ake tuƙa shi, nauyinka yana kan hannu. Wanda bai taɓa hawa ba bai kamata ya yanke hukunci ba. Kuma miliyan 3 an tsuga masa, abokina ya sayi irinsa miliyan 2 da dubu 400.

Mai Shuɗin R3:
Yaushe? Kafin a saki naira a Yunin 2023 ko bayan nan? Watan jiya na ga an sa wa wani miliyan 4 da rabi a Abuja.

Ɗan Maraɗi:
Ku zo nan ku saya, sun fi araha.

Ɗan Kawo Kaduna:
Arahar da in ka canza naira zuwa sefa sai ta gudu. Ga shi takardar Nijar ba ta Najeriya ba ce, ka koma gidan jiya.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
To ni dai titin da kuke bi shi na bi, ramukan ba su san cc ba.

Oga Makanike:
Ku bari in ba yaron amsa. CBR250R silinda ɗaya ne, fulogi ɗaya, aikinsa ya fi sauƙi, kuma ƙarfinsa bai kai na Ninja ba, ya fi dacewa da mai tasowa daga Lifan. Dukansu injekta ne, ba sa shiri da man 'yan bumburutu, datti kaɗan famfon mai ya toshe. Baƙin mai ka duba wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, domin kulocinsu a cikin mai yake wanka, na mota yana sa shi sulluɓe, abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan. Taya 110/70-17 a gaba, 140/70-17 a baya, dukansu biyu, ka tambayi kuɗinta kafin ka saya don kada ka sha mamaki. Robar da ta tsage kuma faɗuwa ce. Ka duba bakin hannun kuloci da matakin ƙafa na hagu ko sun gurje, ka sa a tayar maka da shi da sanyin safiya, ka tsaya har fanka ta kama da kanta.

Mai Gyaran Waya:
Na gode Oga. Maganar takardar fa?

Ɗan Kawo Kaduna:
Ai ko da takarda ba ka tsira ba. Ni komai nawa cikakke ne, lamba, lasin ajin A, takardar kwastan. Duk da haka aka tare ni a wani shinge aka ce salansata ta cika ƙara, aka zare makulli. Awa biyu ina tsaye a rana. Ganin babban mashin kawai suke yi su ɗauka ɗan mai kuɗi ne.

Mai Shuɗin R3:
Ni sau uku a wata guda. Amma 'yan Adaidaita su wuce su tara a ciki, su tsaya cak a tsakiyar titi ba sigina, babu mai ce musu kanzil. Jiya ma saura ƙiris in shige bayan wani a Kabuga.

Baban Yara:
A'a, kada ku taɓa 'yan Adaidaita, ina da guda biyu a kan titi. Kun san nawa yaran nan suke kashewa a mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kafin su haɗa balas? Ga kuɗin tikiti kullum. Ku da kuke firgita mutane da ƙara bayan sallar isha fa?

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Faɗa musu Alhaji. A layinmu akwai wani yaro, da ya kunna nasa jaririn maƙwabcina yake farkawa.

Mai Ƙarfe A Ƙafa:
Ƙanena, kana nan? Ka faɗa wa Hajiya kafin Asabar.

Mai Gyaran Waya:
Ina nan Yaya, ina karantawa. Mai Ninja ya kira yanzu ya ce ya rage dubu 150 in zan biya gobe.

Ɗan Kawo Kaduna:
Alhaji, tikitin da kuke biya ai ba lasisin tsayawa a tsakiyar titi ba ne. Ka tambayi direbobinka ko ɗaya a cikinsu yana da madubin gefe.