Wanda ya sha ruwan rai, zai sake jin ƙishi?

Ɗan Narayi: Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni barci tun daren Juma'a. A taron farkawar da aka yi a unguwarmu ta Narayi a nan Kaduna, baƙon mai wa'azi ya ce duk Kiristan da har yanzu yake jin rami a zuciyarsa, yake jin kamar akwai abin da bai samu ba a wurin Allah, to bai sami ceto ba tukuna, zuwa coci kawai yake yi. Hujjarsa Yahaya 4:14, inda Yesu ya gaya wa Basamariyar nan a bakin rijiya cewa wanda ya sha ruwan da zai ba shi ba zai ƙara jin ƙishirwa ba har abada. Ni dai na yarda da shi. Har abada fa aka ce, ba a ce na kwana biyu ba. Wa ke da ja?

Mai Ganga: To ashe mu mawaƙa duk mun halaka. Wata ba ya wucewa ba mu rera Zabura 42 ba, ta barewar da ke marmarin ruwan rafi. Sai a kawo mana sabon littafin waƙoƙi na ƙosassu.

Nas ta Barnawa: Ƙanena, bari in faɗa maka abin da nake gani a wurin aiki. In aka kawo mana yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, cikin abubuwan farko da muke gwadawa akwai ko zai karɓi abinci. In ya karɓa yana lasar yatsa, ana iya ba uwar abincin su koma gida. In ya kau da kai, kwantar da shi za a yi, don shi ne yake cikin haɗari. Haka manya ma. Ranar da majinyaci ya ce a sayo masa koko da ƙosai, ranar muke cewa ya juyo. A asibiti wanda ba ya jin yunwa shi muke jin tsoro.

Ɗan Narayi: Anti, wannan jiki ne, ni ruhu nake magana. Kuma ba aya ɗaya ba ce. Yahaya 6:35 ma ta ce mai zuwa wurinsa ba zai ji yunwa ba, mai ba da gaskiya gare shi ba zai ji ƙishirwa ba. Ko Yesu ya yi ƙari ne?

Malamin Lahadi: Yesu bai yi ƙari ba, mai wa'azinku ne ya yi ragi. Ya karanta muku rabin aya ya rufe Littafi. Koma Yahaya 4:14 ka karanta ƙarshenta: ruwan zai zama maɓuɓɓuga a cikin mutumin, yana ɓuɓɓugowa zuwa rai madawwami. Kai ɗan Narayi ne, ka san yadda rani yake yi mana. Wanda ya haƙa burtsatse a gidansa yana jin ƙishi kamar kowa, yana sha safe da yamma. Abin da ya daina shi ne tsayuwa a ƙofar gida da jarka yana jiran ɗan garuwa ya turo kura. Basamariyar nan ta yi aure biyar, wanda take zaune da shi ba mijinta ba ne, kullum tana yawon neman abin da zai kashe mata ƙishi. Yawon ne Yesu ya ce zai ƙare.

Sannan ka dubi Matiyu 5:6, inda aka sa albarka a kan masu yunwa da ƙishirwar adalci, aka ce za a ƙosar da su. Su wa yake koya wa? Farkon surar ya ce ya hau dutse ya zauna, almajiransa suka zo wurinsa. Mabiyansa ke nan. A Helenancin da aka rubuta ta ma, kalmomin suna nuna abin da ake cikin yi ne, masu jin yunwa yanzu. Bulus kuma, bayan shekaru masu yawa yana bishara, yana ɗaure a kurkuku, ya rubuta wa Filibiyawa a 3:12 cewa bai riga ya samu ba, bai kammala ba, nacewa yake yi. A wasiƙar nan dai, 4:11, ya ce ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Mutum ɗaya, takarda ɗaya, ga wadar zuci ga nacewa. In ma'aunin baƙonku gaskiya ne, Bulus ma sai ya fito gaba a yi masa addu'ar karɓar Yesu.

Mai Ganga: Malam ya sauke buhu. A ba shi ruwa, shi ma ƙishi ya kama shi.

Dattijon Kakuri: Yarana, na karanta duka. Kuna ta gardama a kan yunwa, ba wanda ya tambaya yunwar me. Tun Littafi Mai Tsarki na Hausa na farko, na 1932, wanda Likita Miller na Wusasa ya sha wahala a kansa, kalmar adalci muka gāda. Ku tambayi kowane Bahaushe a Kasuwar Barci me ake nufi da adalci. Zai ce maka alƙali ya yanke gaskiya ko da a kan ɗansa, mai awo ya cika mudu, shugaba ya raba daidai. Ba zai ce maka wani daɗi ne da kake ji a ƙirji lokacin waƙa ba.

Ni na yi shekara 21 ina aiki a wata masaƙa a nan Kakuri. Aka rufe, aka ce mu je za a kira mu a biya mu haƙƙinmu. Abokan aikina da yawa an binne su suna jiran kiran nan. Kafin haka a Tudun Wada nake zaune, har rikicin Fabrairun 2000 ya sa na ƙetaro kogin Kaduna da iyalina. Maƙwabcina Musulmi shi ya ɓoye mu a ɗakin matarsa kwana biyu, daga baya ya kawo mini keken ɗinkin uwargidana har Kakuri. Yau jikokinsa da nawa ba su san juna ba, kogi ya raba gari biyu. Kuna so in ce na ƙoshi? Na san Mai Cetona, ba na shakkarsa ko kaɗan. Amma duk ranar da na hau gada zuwa cikin gari sai in ji yunwar nan ta murɗa mini ciki. Iyayen ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka kwashe a Yulin 2021, da suka zauna a harabar makarantar suna kuka ga Allah, su ma a ce musu rashin ceto ne?

Mai Bishara: Baba, da girmamawa, a nan zan rabu da kai kaɗan. Abin da ya same ka zalunci ne, Allah ya isar maka. Amma in muka mai da Matiyu 5:6 maganar haƙƙin ma'aikata da zaman unguwa, bishara za ta zube mana a hanya. Adalcin da ke kai mutum gaban Allah kyauta ce ta wurin bangaskiya, Romawa 3:22. Namu adalcin kuwa Ishaya 64:6 ya kira shi ƙazamin tsumma. Akwai waɗanda ba su san Yesu ba kuma suna neman gaskiya a kotu fiye da mu. Shi ke nan su ma ayar ta hau kansu?

Dattijon Kakuri: Ɗana, ban ce mudu zai kai ni sama ba. Na ce wanda aka ba kyautar nan, in mudun ƙarya bai fara damunsa ba, ya sake duba abin da ya karɓa.

Malamin Lahadi: Ku biyun kuna jan igiya ɗaya ne daga baki biyu. Kalmar Helenancin da ke Romawa 3:22 ita ce dai a Matiyu 5:6, ita ce kuma a 6:33 inda aka ce mu fara neman mulkin Allah da adalcinsa. Kuma almajiran da suka ji ta sun tashi da karatun annabawa. Amos 5:24 ya ce gaskiya ta gangaro kamar ruwa, adalci kamar rafin da ba ya ƙafewa. Shi Amos ɗin a 8:5 ya tsine wa 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce don su rage mudu su yi algus a ma'auni. Annabin bai ga wata katanga tsakanin ɗakin sujada da rumfar kasuwa ba.

Maman Zumunta: Tunda an taɓo mudu, bari in tona wa kaina asiri, ai tsufa ya zo. Shekara da shekaru ina sayar da hatsi a kasuwar Sabon Tasha. Mudu biyu gare ni a da. Na saye, mai faɗin ciki, da shi nake karɓa a hannun mutanen ƙauye. Na sayarwa kuma an ɗan bubbuge gindinsa ya shigo ciki, ido ba ya gani sai dai tukunya ta gani. Kowa haka yake yi, ban taɓa ɗaukarsa zunubi ba. Ina cikin Zumuntar Mata, ina ɗaura zanen zumunta, ina fitar da zakkata, ina ji a raina ni ƙosasshiya ce. Sai wata Talata muka yi nazari a kan Zakka mai karɓar haraji, Luka 19, da ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Na koma gida tuwo ya ƙi shiga. Ba wanda ya ambaci sunana, ba wanda ya san zancen. Washegari na jefa mudun a masai.

Riba ta ragu, ba zan yi muku ƙarya ba, har maigida ya yi ta mita. Kuma abin mamaki, tun daga ranar ban sake jin ƙoshin nan na da ba. Na gyara mudu sai na ga bakina, na fara kama bakina sai na ga yadda nake yi wa yarinyar da ke taya ni aiki. Kullum sai an nuna mini wani lungu da ban share ba. To ɗana na Narayi, ka gaya mini tsakaninka da Allah: lokacin da nake ƙoshe da mudu biyu ne nake da ceto, ko yanzu da nake jin yunwa?

Mai Ganga: Mama, ashe shi ya sa waken da nake saya a wurinki yake kai mu Laraba yanzu.

Maman Zumunta: Ka biya bashin na watan jiya tukuna, mai bakin ganga.

Ɗan Narayi: Mama, ba ni da amsa. Gaskiyar magana, ba don in ci gardama na kawo zancen ba. Ni ne mai ramin. A daren Juma'ar nan na fita gaba, karo na uku ke nan tun da aka yi mini baftisma. Kowane karo sai in yi sati ina jin kamar an wanke ni, daga nan abin ya dawo. Ina addu'a kamar da bango nake magana. Na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan ba aiki, ina kwana a ɗakin yayana. Da mutumin ya faɗi haka sai na ce to, ga dalilin, ashe tun farko ban samu ba.

Mai Bishara: Ɗan'uwa, na gode da ka faɗi gaskiya. Ba zan ce maka kowane rami yunwa ce mai tsarki ba. Wani ramin zunubi ne da aka rufe, Dawuda ya ce a Zabura 32 da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace. Wannan kai da Allah kuka sani, ka bincika. Amma in ka bincika ka tuba, kada ka bar wani baƙo ya riƙa sake haifarka duk shekara. Ceto ba rigar aro ba ce da ake karɓewa in jikinka ya yi sanyi.

Nas ta Barnawa: Ni kuma in ƙara, tunda ka ce barci ya ƙaurace maka. Shekara biyu ba aiki, ba barci, komai ya fita ranka, wani lokaci ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Iliya da ya kwanta a gindin itace ya roƙi mutuwa, 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake barci, ya sake tashe shi ya ci. Ka kira ni gobe bayan na sauka aiki.

Malamin Lahadi: Wurin da aka ce ba sauran yunwa ba sauran ƙishirwa sam, Wahayin Yahaya 7:16 ne, kuma masu fararen riguna ne a gaban kursiyi, waɗanda suka fito daga babban tsanani. Narayi ba ta kai can ba tukuna.

Ɗan Narayi: Na ji, Malam. Maganar burtsatsen ta shige ni. Amma "har abada" ɗin nan bai sake ni ba, zan sake karanta surar duka yau da dare, daga aya ta farko. Anti, zan kira.

Dattijon Kakuri: Karanta, ɗana. Ran Lahadi bayan sujada ka biyo ta gidana, ka zo da takardunka. Akwai wani yaron da na koya wa gyaran inji a masaƙa, yanzu yana da wurin walda a hanyar Kachia, yana neman mai riƙe masa lissafi. Ban yi maka alkawari ba, amma za mu je tare.

Maman Zumunta: In kun fito ku tsaya a rumfata. Yaron nan ko ganinsa ban yi ba na san ya rame.