Kare don yara, ga kuma tafiya Faransa nan da wata biyar

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Yarana biyu, mai shekara 7 da mai shekara 3, sun hana ni sakat da maganar kare, babansu kuma ya yi musu alkawari bai ko tuntuɓe ni ba. Ga shi nan da wata biyar za mu koma Faransa da zama, wurin aikinsa. Akwai wani kwikwiyo ɗan sati 8 da muka gani. Wane iri ne ya fi haƙuri da yara? Kuma zai yiwu mu tafi da shi?

Mai Labrador: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Labrador, kada ki wahalar da kanki. Nawa shekararsa shida, 'yata da shi ta koyi tafiya, tana dafa bayansa yana tsayawa cak har ta daidaita. Aibinsa ci kamar gara, sai zubar gashi. Wutsiyar kuma in yana murna, duk abin da ke kan ƙaramin tebur sai ya sauka ƙasa.

Dakta: Maman Biyu, ajiye maganar iri tukuna, ɗauko kalanda. Tarayyar Turai, wadda Faransa ke ciki, tana da jerin ƙasashen da ta yarda sun shawo kan ciwon haukan kare. Ƙasar da za ku taso tana ciki?

Maman Biyu: Dakta, likitan da muka tambaya ya ce ba ta ciki.

Dakta: To ga lissafin. Da farko a sa masa maikurocif, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata, mai lamba 15. Sannan allurar haukan kare, wadda ba ta karɓuwa sai ya cika sati 12. Bayan allurar a jira kwana 30 a ɗebi jini, a kai ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, sakamakon kuma, wato ƙarfin rigakafin da ke jininsa, kada ya gaza 0.5. Daga ranar ɗibar jinin sai an ƙirga wata 3 cur kafin ya taka ƙasarsu. Takardar lafiya ta ƙarshe kuwa cikin kwana 10 kafin isa ake yin ta. Naki ɗan sati 8 ne: wata ɗaya jiran allura, ɗaya jiran jini, uku jiran shiga. Wata biyar ɗin ke nan daidai, babu rarar ko kwana ɗaya. Gwajin ya faɗi, ku tafi ku bar shi.

Baban Tagwaye: Dakta ta faɗi gaskiya, ni na ɗanɗana. An yi wa karyata allurar ranar Litinin, maikurocif bai iso asibitin ba sai Alhamis, aka ce mini ba komai. Ashe allurar da ta riga maikurocif kamar ba a yi ta ba ce, don babu shaidar wane kare aka yi wa. Muka koma farko. Iyali suka tafi, ita ta biyo mu bayan wata huɗu, tagwayen kullum da yamma sai kuka.

Anti Mai Poodle: Sannu Baban Tagwaye. Ni dai girman kare nake so a duba. Kamfanonin jirgin sama Air France, KLM da Lufthansa suna barin ƙaramin kare ya zauna da ke a ɗakin fasinja, muddin shi da jakarsa ba su wuce kilo 8 ba. Labrador ya girma yana kai kilo 30, wurin kaya zai shiga cikin keji. Poodle ɗina ƙaramar ce, ta yi tafiyar awa shida a ƙarƙashin kujera, na kusa da ni bai san da ita ba sai da muka sauka. Ga kaifin basira, ga shi ba ta cika zubar da gashi ba. Sai dai aski da taje kullum, in kika yi sakaci gashin ya cukurkuɗe.

Mai Labrador: Anti, kare mai kilo biyar da yaro ɗan shekara 3? Ya faɗa masa sau ɗaya a karya ƙafa, ko karen ya tsorata ya kai cizo. Babban ya fi jure tattakawa.

Anti Mai Poodle: Ai Poodle ba ƙanana kaɗai ba ne, Malam, akwai matsakaici da babba. Amma na karɓi maganarka.

Tsohon ma'aikacin jirgi: Abu biyu daga wanda ya yi shekaru yana loda keji. Ku guji masu dakakken hanci, Pug, Bulldog, Boxer. Numfashi na ba su wuya in zafi da fargaba suka haɗu, kamfanoni da yawa ma ba sa karɓarsu a wurin kaya. Na biyu, kada a ba kare maganin barci don tafiya, yana saukar da hawan jini, kuma can ƙasa babu mai duba shi. Kejin ya zama wanda zai miƙe tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta. Ku saye shi da wuri, ku riƙa sa masa abinci a ciki har ya ɗauke shi ɗakinsa. Wanda ya fara ganin keji ranar tafiya muna gane shi tun daga nesa, haushi har muryarsa ta dushe.

Wata 'yar'uwa: Ba wanda ya ambaci Beagle? Son wasa da yara kamar me.

Baban Tagwaye: Beagle hancinsa ne sarkinsa. Ya shinshino abu, ki yi ta kira har ki gaji. Ga kukan nan nasa mai tsawo, a gidan bene sai maƙwabta sun kai ƙara. Border Collie ma a bar shi, makiyayi ne, yara na gudu zai bi su yana ɗan cizon dunduniya kamar tumaki.

Wata 'yar'uwa: To Cavalier fa? Sanyin hali gare shi.

Dakta: Yana da shi, amma ciwon zuciya ya yi yawa a zuriyarsu, a nemi ganin gwajin iyayen. Golden Retriever ma na haƙuri ne. Duk da haka iri rabin magana ne. Ku ga uwar kwikwiyon, ku ga yadda take karɓar baƙo. Kuma ko wane iri ne, ba a barin ɗan shekara 3 shi kaɗai da kare, ba a taɓa shi yana ci ko yana barci. In ya yi gurnani kada a dake shi, gargaɗi yake yi. Wanda aka hana gurnani shi ne ke cizo ba sanarwa.

Tsohon ma'aikacin jirgi: Ga masu bin zancen da ba Faransa za su ba: Birtaniya ba ta yarda kare ya sauka daga ɗakin fasinja, sai ta hanyar kaya, in ba karen jagorar masu buƙata ta musamman ba. Sai an ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga, kuma dokarsu ta 1991 ta haramta Pit Bull da Tosa na Japan. Amurka kuwa tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar kare da bai kai wata 6 ba.

Kaka: 'Yata, ku yi haƙuri in tsoma baki. Wata biyar kamar gobe ne. Ku isa, ku ga gidan, ku ji ko mai gidan ya yarda da kare, sannan ku zaɓa a can. Ƙungiyar kula da dabbobi ta Faransa, SPA, tana da gidajen karnuka marasa masu su, akwai manya waɗanda an riga an san halinsu da yara. Ga haɗa kaya, ga yaro na goye kusan, ga kwikwiyo yana fitsari a tabarma yana tauna takalma. Wa ya aike ki?

Maman Biyu: Wallahi Kaka kin gama magana. Na gode muku duka, Allah ya saka. Na rubuta Labrador da Poodle matsakaici, sai mun isa. Yaran kuwa, wanda ya yi alkawarin shi zai yi musu bayani yau da daddare, ni ina kicin.