Alawus ɗin karatu a Amurka: wanne ake biya wa haraji?

Mai tambaya: Assalamu alaikum yayyena. Ina digirin digirgir a wata jami'a a jihar Ohio da bizar ɗalibai ta F-1, na shigo a Agustan 2023. A 2024 an ba ni alawus na dala 12,000 ba tare da aiki ba, daga baya na zama mataimakin malami ana biyana albashi. Jami'a ta yafe min kuɗin makaranta, gwamnatin jiharmu kuma ta turo min tallafi daga gida. Yanzu takardu uku ne a hannuna: W-2 (ta albashi), 1042-S (ta alawus) da 1098-T (ta kuɗin makaranta). Abokin zamana ya ce in bi ta TurboTax, manhajar cike fom ɗin haraji, za a dawo min da kuɗi masu kauri. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bar shawarar abokin nan tukuna. A wajen hukumar harajin Amurka, IRS, mai F-1 baƙo ne, wato ba mazaunin ƙasa ba, har ya cika shekarun kalanda biyar, kuma 2023 ta shiga lissafi cikakkiya ko da wata biyar ka yi a cikinta. Kenan har ƙarshen 2027 fom ɗin harajinka 1040-NR na baƙi ne, haɗe da 8843 mai bayyana matsayinka na ɗalibi baƙo. TurboTax kuwa 1040 na mazauna ƙasa yake cikewa. Kuɗi masu kaurin da ake gani suna fitowa ne daga rangwamen da baƙo bai da haƙƙinsa, in an gano sai ka mayar da su da ƙari, ka kuma gyara da fom 1040-X. Ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje, jami'o'i da yawa na raba lambar shiga Sprintax ko Glacier, manhajojin cike harajin baƙi, kyauta.

Amsa ta biyu: Bari in rarrabe maka kuɗin. Abin da ya tafi ga kuɗin makaranta, kuɗaɗen rajista na dole, da littattafai ko kayan aikin da kwas ya wajabta wa kowa, ba haraji a kansa. Abin da ya tafi ga haya, cefane, tikitin jirgi, wannan ana biya masa, ko da sunan tallafi aka ba ka shi. Dala 12,000 ɗin nan a rukuni na biyu take. Duba 1042-S ɗinka, za ka ga lamba 16 a gurbin nau'in kuɗi, kuma an riga an cire kashi 14 cikin ɗari, wato dala 1,680. Idan kana da rasit na littattafan dole, ka cire kuɗinsu daga dubu goma sha biyun, ragowar ka rubuta a Schedule 1, takardar da ake haɗawa da 1040-NR, layi na 8r. Kar ka manta da shigar da 1,680 ɗin a matsayin harajin da ka riga ka biya, nan mutane ke yin asara. Albashin koyarwa kuwa albashi ne kawai, yadda yake a W-2.

1098-T ka adana ta, ba a haɗa ta da fom.

Amsa ta uku: Malam ya gama magana, sai ƙari kaɗan. Tallafin jiharku: asalin kuɗin tallafi yana bin inda mai bayarwa yake, tunda daga Najeriya ya fito kuma kai baƙo ne, Amurka ba ta da rabo a ciki. Ranar da ka koma mazauni a lissafinsu labari ya canza, duk abin da ka samu ko'ina a duniya sai ka bayyana shi.

Kuma kar ka ga ɗan Sin ko ɗan Indiya ya biya ƙasa da kai ka zaci kuskure ka yi. Ƙasashensu na da yarjejeniyar haraji da Amurka, Najeriya da Nijar ba su da ita.

Mai tambaya: Na gode Yaya. A W-2 na ga an cire wani abu a akwati na 4 da na 6.

Mai amsa ta farko: Harajin Social Security da Medicare kenan, wato na fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi, kashi 7.65, kuma bai kamata a cire maka ba. Fara zuwa ofishin albashi su mayar. In sun ƙi, ka cike fom 843 da 8316. Tunda kana da albashi, 15 ga Afrilu ne wa'adinka. Ohio ma tana da nata harajin, fom ɗinta daban, sai ka gama na tarayya sannan ka cike shi don alƙaluman daga can ake kwasowa.