Littafin cikin kwali ko bakin maigida: wanne ɗan koyo zai bi?

Ɗan koyo, unguwar Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sana'a. Ina koyon haɗa wutar sola a hannun wani maigida a nan Maradi. Kowace na'urar daidaita caji da muke buɗewa tana zuwa da ɗan littafi a cikin kwali, galibi da Ingilishi, Faransanci kuwa sai an yi sa'a, musamman kayan da ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Maigidana ba ya duba littafin, cewa yake hannu ne ke koyar da aiki, yayana kuma da ya yi karatun lantarki, duk abin da na tambaye shi sai ya ce in je in karanta tukuna. Shin yawan tambaya ragwanci ne, ko kuwa karatun ne ɓata lokaci?

Malamin lantarki, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina bayan yayanka a wuri guda, wato lissafi. Babu maigidan da zai iya riƙe lambobin kowace na'ura a ka, domin kowane kamfani da irin nasa. Littafin ne zai gaya maka iyakar ƙarfin wutar da na'urar za ta iya karɓa, kuma farantin sola da muke kira mai bolt 12, idan rana ta buɗe ba a haɗa masa komai ba, yana kaiwa wajen bolt 22, saboda haka wanda ya jera huɗu bi da bi ba tare da ya duba iyakar ba yana iya ƙone na'urar nan take. Littafin ne kuma zai ce a fara haɗa batir kafin faranti, domin daga batirin ne na'urori da yawa ke gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24. Haka nan batir mai ruwa da na jel da na litiyam, kowanne da yadda ake saita cajinsa, kuma kuskure a nan dukiyar mai gida yake cinyewa a hankali, sai bayan watanni abin ya bayyana.

Tsohon mai gyara, Tibiri:

Malam ya faɗi gaskiya, amma ɗana, kada ka raina maigidanka. Lambobin da ke bayan faranti an auna su ne a zafin digiri 25, alhali mu a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, ballantana a kan rufin kwano. Zafi yana rage ƙarfin faranti, yana kuma gajarta ran batir mai ruwa, shi ya sa wanda ya daɗe a aikin ba ya yarda a ajiye batir a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe gilashi cikin kwanaki kaɗan, da farantin da aka rubuta masa ƙarfin da bai kai ba, waɗannan daga bakin mutane ake saninsu. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ke mini ciwo shi ne a ce wa yaron da bai iya Ingilishi ba ya je ya karanta, ba tare da an nuna masa ko shafin da zai duba ba, domin wannan kora ce.

Mai shagon cajin salula, Tasawa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ba mai haɗa sola ba ce, amma da ita nake neman abinci, kuma na lura cewa masu gyara suna saurin amsa mini idan na zo da bayani a hannu. Ƙanena, ka ɗauki hoton shafin da salularka, Google Translate zai juya maka shi zuwa Faransanci, har Hausa ma tana cikin harsunansa tun 2013, ko da yake fassarar kalmomin lantarki takan karkace. Daga nan idan za ka je wurin yayanka, ka tafi da sunan na'urar da lambarta, da alamar da ta nuna a fuskarta, da abin da ma'aunin wutarka ya karanta a bakin batir da hantsi da kuma bayan magariba, sannan ka nuna masa layin da ya shige maka duhu.