An gyara mana wurin shaƙatawa, haya kuma ta tashi

Maman Hanifa (Shikago):
Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Muna haya a Humboldt Park, kusa da tsohuwar hanyar jirgin ƙasan da aka mayar wurin shaƙatawa a 2015, wadda ake kira 606. Wallahi wurin ya yi kyau. Yara na tuƙa keke can sama ba fargabar mota, ni ma nakan taka bayan la'asar. To amma tun daga lokacin ake ta sayen tsofaffin benaye masu ɗaukar iyali biyu ko uku, a rushe, a gina na mutum ɗaya. Maƙwabtanmu 'yan Puerto Rico da muka tarar duk sun watse. Ga shi mai gidanmu ya aiko takardar ƙarin haya. Wurin ne ya jawo mana, ko da ma abin na tafe?

Ɗan Zango (Bronx):
Wa alaikumus salam Hajiya. Mun ga irinsa a New York da High Line, shi ma tsohon layin dogo ne da aka mayar wurin shaƙatawa, an buɗe a 2009. Tun 2005 hukuma ta sauya dokar gini a yammacin unguwar Chelsea, inda layin ya ratsa, masu kuɗi suka samu damar kafa dogayen benaye. Gidajen gwamnati na Fulton da Elliott-Chelsea suna nan, amma kantunan da talaka ke iya shiga sun yi ƙaranci. Robert Hammond, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa aikin, ya amsa da bakinsa a 2017 cewa ba su yi wa mutanen unguwar abin da ya kamata ba.

Baban Ummi (Atlanta):
Ni dai ba na so a ɗora wa bishiya laifi. Ɗan talaka ma yana da haƙƙin inuwa da filin wasa. Inda ake kuskure, sai a yi shelar aiki kafin a tanadi filayen gidaje masu sauƙi. Kafin a dasa ko itace ɗaya 'yan kasuwa sun saye layin kaf. BeltLine ɗinmu, irin wannan aikin na Atlanta, an yi alkawarin gidaje 5,600 masu rangwame, aikin ya yi ta jan ƙafa, har Ryan Gravel, mai ainihin tunanin, ya ajiye kujerarsa a kwamitin ƙungiyar da ke tallafa wa aikin a 2016 saboda haka. Kuma ba ɗan haya kaɗai ke ji a jikinsa ba. Tsohuwar da ta gama biyan gidanta, harajin gida ke korarta.

Ɗan Zango (Bronx):
Hajiya, na manta. Birninku ya dakatar da rusau kusa da 606 a 2020, daga baya ya sa wa masu rushewa ƙarin kuɗin da za su biya. Ki ɗauki yarjejeniyar hayarku ki je ofishin kansilan unguwa, ki kuma nemi ƙungiyar 'yan haya kafin ki sa hannu a komai.

Maman Hanifa (Shikago):
Na gode, Allah Ya bar zumunci. Mu 'yan haya uku ne a gidan, zan yi wa sauran magana yau mu tafi tare. Baban Ummi, ku a can an samo wa tsofaffin mafita kan harajin kuwa?