Kilo biyu cikin kwana uku: kitse ne ko ruwa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana lafiya ina da tambaya. Me ke sa mace ta hau sikeli ranar Litinin ta ga kilo 68, ranar Alhamis ta ga 70, alhali ba ta canza abinci ba? Ga zobe ya matse yatsa, da yamma takalmi ya ƙi shiga. Wasu na cewa a rage shan ruwa, wasu na cewa a sayi Lasix, ƙwayar fitar da ruwa ta fitsari, a kemis. Wanne ne daidai?

Likitan Unguwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun kuskure ne, amma bari mu fara da lissafi. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kafin a tara kilo biyu na kitse cikin kwana uku, sai an ci rarar kalori sama da 15,000 a kan abin da jiki ya ƙona. Ko makon biki aka yi, da wuya ciki ya ɗauki wannan. Saboda haka abin da sikeli ya nuna ruwa ne, sai kuma abincin da bai gama fita daga hanji ba.

Babban mai riƙe ruwan shi ne gishiri. Jiki ba ya yarda ruwansa ya yi zartsi, don haka duk rarar gishiri giram 8 zuwa 9 da ta zauna a jiki tana jan ruwa kamar lita ɗaya, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. A nan ake cin mu. Ɗan dunƙulen ɗanɗanon nan kusan rabinsa gishiri ne, a jefa huɗu ko biyar a tukunya sannan a ƙara barbaɗa gishiri. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara, ga kifin gwangwani. Kanwa ma da ake sa wa wake da miyar kuɓewa, sinadarin da ke riƙe ruwa a gishiri shi ne a cikinta.

Na biyu shi ne abinci mai sitaci. Tuwo, shinkafa, waina da burodi, jiki na adana rararsu a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana tafe da ruwa kamar giram uku. Ajiyar kan kai giram 400 zuwa 500. Shi ya sa wadda ta rage tuwo za ta ga kilo ɗaya ko biyu sun zube a makon farko, ranar da ta ci shinkafar suna kuma su dawo. Haka ake gani bayan Sallah.

Sai al'ada. Kwanakin da ke gabanta jiki kan riƙe ruwa, nono ya yi nauyi, mara ta kumbura, sannan ya sake bayan jini ya fara da kwana biyu ko uku. Zafin Maris da Afrilu ma yana buɗe jijiyoyin jini, ƙafa ta ɗan tasa.

Rage shan ruwa ba ya sauke komai. Ƙoda na buƙatar ruwa kafin ta fitar da gishirin, in kuma aka hana jiki sai ya ƙara matse wanda yake da shi. A sha har fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske. A rage dunƙulen ɗanɗano da rabi, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. A yawaita wake, alayyahu, zogale, dankali da ayaba, domin sinadarin fotasiyam da ke cikinsu yana taimaka wa ƙoda ta zubar da gishiri, sai dai mai ciwon ƙoda kada ya yi haka sai da izinin likitansa. In gishiri ne sanadi, cikin kwana biyu zuwa huɗu sikeli zai koma inda yake.

Anti Nas:
Likita ya yi bayani, ni kan awon zan tsaya, don yawancin tashin hankalin daga nan yake. A hau sikeli da safe, bayan an zaga, kafin a ci ko a sha, da kaya marasa nauyi. Sikeli ɗaya kullum, a kan siminti ko tayil, ba kan kafet ba. A rubuta na kwana bakwai, a haɗa, a raba bakwai, wannan adadin za a gwada da na mako mai zuwa. Bambancin kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare ba ciwo ba ne.

Don gane ruwa a ƙafa, a danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, ɗan sama da idon sawu, a ƙirga goma a hankali, a ɗaga. Idan rami ya zauna kamar an danna ƙullin fulawa, ruwa ne. Kitse ba ya barin rami.

Mai dogon zama, kamar tela ko matafiyi daga Kano zuwa Legas a mota, ya riƙa ɗaga yatsun ƙafa yana saukewa sau ashirin duk awa, ya sauko ya taka duk inda aka tsaya. Da yamma a kwanta a ɗora ƙafafu kan filo biyu ko uku, su fi ƙirji tudu, minti ashirin. Ɗora su kan kujera 'yar tsuguno alhali ana zaune ba ya wadatarwa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Lasix ɗin fa, ko rabin ƙwaya ba za a sha ba? Da shayin rage tumbi?

Malam Mai Harhaɗa Magani:
Hajiya, ko rabi kada a sha. Lasix, wato furosemide, maganin masu ciwon zuciya, ƙoda da hanta ne, ana ba da shi tare da gwajin jini. Yana fitar da fotasiyam tare da ruwan, daga nan sai kasala, ɗaurewar tsoka, jiri, har bugun zuciya ya rikice. Mafi muni, ranar da aka daina jiki zai riƙe ruwa fiye da da, sai a ɗauka ciwon ne ya dawo a ƙara sha. Shayin rage tumbi kuwa yawancinsa ganyen filasko ne, gudawa yake sawa, kitse na nan daram.

A duba kuma magungunan da ake sha. Amlodipine da nifedipine na hawan jini suna kumbura idon sawu. A koma wa likita ya rage ko ya canza, kada a yar da su da kai. Ibuprofen da diclofenac na ciwon jiki suna sa ƙoda ta riƙe gishiri. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma haka. Dexamethasone da prednisolone da 'yan mata ke sha don ƙiba, fuska ce ke yin zagaye, ruwa ya taru, suga da jini su hau.

Ungozoma:
'Yar'uwa, akwai kumburin da ba a jira ya sauka da kansa. Ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura, da zafi da ciwo a sha-raɓa, musamman bayan tiyata, haihuwa ko doguwar tafiya, zai iya zama gudan jini a jijiya. Kada a murza, a tafi asibiti ranar. Kumburin fuska da ƙasan ido da safe tare da fitsari mai kumfa, ƙoda ake zargi. Ciki ya cika, ido ya yi rawaya, hanta ce. Yaro kuma da ƙafafunsa biyu suka kumbura, a fara tunanin tamowa.

Mai ciki da ta wuce mako 20, idan fuska da hannu suka kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, a auna hawan jininta nan take. Ya kai 140/90, jijjigar masu ciki ake gudu.

Inda na fi so a kula shi ne jego. Kumburin ƙafa na makon farko bayan haihuwa yakan sauka. Amma mai jego da ke haki, tana tarin dare, ba ta iya kwanciya sai ta tara filo, raunin zuciya ake zargi. Likitoci a Zariya sun rubuta yawan wannan ciwo a ƙasar Hausa tun shekarun 1970. Irin wannan mace kunun kanwa ƙara mata ruwa yake yi, a dakatar da shi a kai ta asibiti, inda za a auna jini, a gwada fitsari da aikin ƙoda, a yi hoton zuciya. Wanda kuma aka riga aka san yana da ciwon zuciya, ƙarin sama da kilo biyu cikin kwana uku dalili ne na ganin likita ko da numfashinsa lafiya lau.